Tambaya da Amsa: Sanya Fitilu a Ƙananan Samfuran Kumbo

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a wannan karo sun karkata ne ga aikin hannu guda ɗaya, wato harhaɗa ƙananan samfuran kumbon sama jannati na roba, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali domin mai saye ya zauna ya haɗa da kansa, kuma kusan kowace wasiƙa a kan batun sanya musu fitilu take. Mun zaɓi shida daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya kawo mini tsarabar samfurin kumbon Enterprise na shirin Star Trek, ƙirar kamfanin Polar Lights, mai ma'aunin 1/350. Na jera ƙwayayen LED, wato ƙananan fitilun nan masu cin wuta kaɗan, a cikin faifan da ke gaban kumbon na rufe shi na gwaji, amma da na kunna da daddare sai na ga ba tagogin kaɗai ke haske ba, jikin ne gaba ɗaya ke ƙyalli, har ana hango inuwar wayoyi daga waje. Shin robar ce ba ta da inganci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, robar ba ta da laifi, kuma ka yi dabara da ba ka riga ka liƙe faifan da gam ba. Robar da ake zuba waɗannan samfura da ita, wadda ake kira folistirin, kaurinta ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu a yawancin wurare, saboda haka haske yana ratsa ta kamar yadda yake ratsa tafin hannun yaro idan ya dafe bakin tocila. Fentin da za ka shafa daga waje ba zai magance wannan ba, domin fari da toka-toka, waɗanda su ne launukan irin wannan kumbo, su ma haske yana wuce su. Daga ciki ake toshe haske, kuma ana yin hakan ne tun kafin a ɗora waya ko ɗaya.

Ka fara wanke sassan da ruwa da sabulu domin maiƙon da ke jikinsu ya fita, sannan ka rufe bakin da za a shafa wa gam da salatif ɗin takarda, saboda gam ɗin samfura narkar da roba yake yi ya haɗe ta, kuma ba ya kama wurin da fenti ya rufe. Daga nan ka fesa baƙin fenti a ciki, shafi biyu ko uku marasa kauri, kana barin kowanne ya bushe. Idan ya bushe, ka shiga ɗaki mai duhu ka kara tocila a cikin kowane sashe, ka duba ta waje. Za ka ga ɗigo-ɗigon haske a lunguna da gindin ginshiƙan roba inda feshi bai kai ba, sai ka bi su da ƙaramin buroshi. Bayan baƙi sai fari a samansa. Mutane da yawa suna tsayawa a kan baƙin, alhali baƙi haɗiye haske yake yi, har ya zamanto tagar da ke kusa da ƙwan fitila tana ɗaukar ido, wadda ke nesa da shi kuma ta yi duhu. Farin shi ne ke mayar da hasken yana yawo a cikin faifan har ya isa kowace taga daidai wa daida. Wasu suna manna takardar alminiyom irin ta naɗe abinci, kuma lalle babu hasken da ke ratsa ta, sai dai tana ɗaukar wuta, don haka duk wayar da ta taɓa ta ba tare da rufi ba za ta haɗe da 'yar'uwarta, fitilun su mutu a cikin kumbon da aka riga aka rufe. Wuri na ƙarshe da haske ke tsiyaya shi ne mahaɗar sassa biyu, kuma maganinsa shi ne a cike tsagar da ƙullun ciko, a goge da samfefa mai laushi, a fesa baƙi a waje kafin launin ƙarshe.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi tsiyayar haske ɓata samfura, wato yawan hasken kansa. Wannan samfuri tsawonsa ya ɗan haura santimita 80, kuma wanda ya tsaya mita ɗaya daga gare shi tamkar yana kallon kumbon ne daga nisan mita 350. Tagar ɗaki daga irin wannan nisa ba ta kashe ido, haske ne mai laushi. Saboda haka kada ka saita ƙwan fitila yana fuskantar taga kai tsaye. Ka juya shi ya haska farin bangon ciki, ka goge kansa da samfefa har ya dushe, ka kuma manna takardar kwafi mai shara-shara a bayan tagogin. Babban samfurin da aka yi amfani da shi wajen ɗaukar shirin a shekarun 1960, mai tsawon ƙafa 11, yana gidan adana kayan tarihin jiragen sama na Smithsonian a birnin Washington, kuma da aka kammala gyara shi a 2016 ƙwayayen LED aka sa masa, aka daidaita launinsu da ƙarfinsu su yi kama da tsofaffin fitilunsa masu zafi. Hotunansa za su nuna maka iyakar hasken da ya kamata ka nema.

Tambaya: Na haɗa farin ƙwan LED da batir mai bolt 9, ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Na sake gwada wani, shi ma haka. Mai shago ya ce in sa rizista, amma bai gaya mini wace iri ba. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, mai shagon ya gaya maka gaskiya. Ƙwan LED ba ya iya taƙaita wutar da ke ratsa shi, duk abin da aka ba shi zai karɓa har ya ƙone, kuma aikin rizista shi ne ta tsaya a kan hanya ta rage wutar. Lissafin ba shi da wuya idan ka riƙe lambobi uku. Na farko shi ne ƙarfin batir ko caja. Na biyu shi ne abin da ƙwan ke ci: ja da rawaya suna cin wajen bolt 2, fari da shuɗi da kore mai haske suna cin wajen bolt 3.2. Na uku shi ne yawan wutar da ƙwan zai iya ɗauka, wanda a ƙwayaye masu milimita 3 da 5 iyakarsa miliyam 20 ne, wato 0.02 na am ɗaya. Sai ka cire na biyu daga na farko, ka raba abin da ya rage da na uku. A naka, 3.2 daga 9 saura 5.8, idan aka raba da 0.02 za a sami 290, kuma tun da ba a cika samun rizista mai wannan lamba ba, sai ka ɗauki wadda ke sama da ita, mai ohm 330 (ohm shi ne ma'aunin rizista), wadda za ka gane ta da zane biyu ruwan lemo da na uku ruwan ƙasa. Da cajar waya mai bolt 5 ce, farin ƙwai ohm 100 yake bukata, ja kuma 150.

Amma ka lura cewa wannan lissafi yana ba ka mafi ƙarancin rizistar da za ta hana ƙonewa ne, ba wadda ta dace da samfuri ba. Miliyam 20 hasken tocila ne. A cikin kumbon roba miliyam 3 zuwa 5 ya wadatar, don haka a kan bolt 5 ka fara gwadawa da ohm 470, ka gwada 1,000, ka zaɓa da idonka a cikin duhu. Ƙwan da aka rage wa wuta ba ya zafi, kuma ya fi daɗewa, abin da ke da muhimmanci ga fitilar da ba za ka sake iya kai hannu gare ta ba.

Abu biyu za su rage maka asara. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa ɓangaren da ke da alamar tarawa, kuma idan aka juya shi ba zai kama ba. Sannan kowane ƙwai ya sami rizistarsa, musamman idan launukansu sun bambanta, domin idan ka ɗora ja da shuɗi a kan rizista guda, jan zai kwashe wutar tun da ƙaramin ƙarfi yake bukata, shuɗin ya zauna a mace kana zaton lalatacce ne. Idan kuwa bolt 12 kake amfani da shi, kana iya jera farare uku a layi ɗaya, ƙafar wannan a ta wancan, da rizista guda mai ohm 120 ko sama da haka.

Tambaya: Ina haɗa samfurin kumbon Star Destroyer na fina-finan Star Wars, ƙirar kamfanin Zvezda, mai ma'aunin 1/2700. Tagoginsa ɗaruruwa ne, kuma ba a huda su ba. Babu ƙwan fitilar da zai shiga wurin. Yaya masu yi suke yi? Daga wani mai gyaran waya a Kano.

Amsa: Malam, sana'arka ta riga ta ba ka rabin aikin, domin hannun da ya saba ɗora ƙananan kayan allon waya da dalma ba zai yi rawa a nan ba. Ba a sa wa kowace taga ƙwanta; zaren haske ake amfani da shi, wato siririn zaren roba mai garai-garai wanda ke ɗaukar haske daga wannan baki ya fitar da shi a wancan, ko da an lanƙwasa shi. Ana sayar da shi da kaurin milimita 0.25, 0.5, 0.75 da 1. Samfurin naka tsawonsa kusan santimita 60 ne, kuma a ma'auninsa taga mai faɗin mita ɗaya ba ta kai milimita 0.4 ba, saboda haka zare mai 0.25 ne ya fi dacewa, mai 0.5 kuma a ajiye shi don 'yan wurare kaɗan. Wanda ya wuce haka zai sa kumbon ya yi kama da ƙaramin jirgi.

Hudar da hannu ake yin ta, da ɗan mahuji mai riƙe siririn baki, domin injin huda yana juyawa da sauri har ya narkar da robar ta naɗe bakin ta karya shi. Ka tanadi bakuna da yawa, karyewarsu ba makawa. Kada ka huda tagogin a jere cif-cif kamar layin ɗinki. Ka bar giɓi nan da can, ka tara wasu wuri guda, domin babu ginin da dukan ɗakunansa ke kunne a lokaci ɗaya. Idan ka zura zaren, ka bar kamar santimita ɗaya yana leƙe a waje, ka kafe shi daga ciki da farin gam na kafintoci ko gam mai haɗi biyu. Ka nisanci sufagulu, domin yana sa zaren ya yi gautsi ya tsinke daidai bakin ramin, haka kuma gam ɗin samfura yana cinye shi. Sauran bakunan ka tattara su dami-dami, kowane dami ka cusa shi cikin guntun bututu tare da ƙwan LED guda, ka naɗe da baƙin salatif ɗin masu wayarin. Bayan an rufe kumbon an yi masa fenti gaba ɗaya, har da kan zaren da ke leƙe, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da abin yanke farce mai kaifi kana datsewa daidai da jiki. Kowane yanka zai buɗe sabon baki mai tsabta wanda fenti bai taɓa ba. Ga bakunan injin da ke baya kuwa, ƙananan ƙwayayen da ka sani a allon waya sun isa, irin su 0603 mai tsawon milimita 1.6 da 0402 mai milimita 1, kuma ana samun su da siririyar waya a liƙe.

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Mun haɗa samfurin rokar Saturn V da ɗalibaina domin baje kolin makaranta, kuma suna so a sa mata fitilu masu walƙiya a jiki. A ina ya kamata a sa su? Daga wata malama a Kaduna.

Amsa: Malama, a nan zan ba ki shawarar ki ɗan saɓa wa ɗaliban, domin Saturn V, rokar da ta kai 'yan sama jannati wata, ba kumbon tatsuniya ba ce, kuma samfurin da aka kai aji ya kamata ya faɗi gaskiya. Rokar mai tsawon mita 110 da ɗoriya, wadda a ma'aunin 1/144 take komawa wajen santimita 77, ba ta da jerin tagogi ko fitilun ado a jikinta, kasancewar yawancin jikin tankunan mai ne da na ruwan oksijin. Hasken da ake gani a hotunanta na dare daga ƙasa yake zuwa, daga manyan fitilun da aka haska ta da su a dandalin harbawa na Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida a Amurka. Sau ɗaya tak ta tashi da dare, ranar 7 ga Disamba 1972, ɗauke da 'yan sama jannatin Apollo 17. Idan kika kafa fararen ƙwayaye huɗu a kusurwoyin katakon da ta tsaya a kai suna haska ta daga ƙasa zuwa sama, kin nuna wannan dare yadda yake.

Idan kuma tashinta kuke son nunawa, wutar a ƙarƙashi take. Matakin farko yana da injina biyar nau'in F-1 masu ƙona wani nau'in kananzir da ruwan oksijin, kuma harshensu rawaya ne mai ratsin ruwan lemo. Ki ɗaga rokar a kan bututun roba mai garai-garai, ki zura ƙwayaye rawaya da ruwan lemo a cikinsa, ki lulluɓe shi da auduga a kan ragar waya ta zama hayaƙi, kusa da injin fara, can ƙasa kuma a ɗan fesa mata toka-toka. Ƙwan da ake cirowa daga kyandir ɗin roba mai batir yana kaɗawa da kansa, kuma biyu ko uku a cikin audugar za su sa wutar ta yi motsi. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: kada ƙwan fitila mai zaren wuta irin na da ya kusanci auduga, LED kaɗai, kuma a rufe kowace mahaɗar waya.

Ɗaliban da suka nace sai walƙiya, ki nuna musu ƙaramin kumbon da ya sauka a kan wata, wanda yake da fitila mai walƙiya domin uwar kumbon ta hango shi idan za su haɗu a sararin samaniya.

Tambaya: Batir ya fi ko caja? Kuma a ciki zan ɓoye batirin? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, kada ka rufe batir a cikin samfuri, domin zai ƙare, kuma idan ya daɗe zai yi yoyo ya ci wayoyin. Ka sauko da waya biyu ta cikin bututun ƙarfen da ke riƙe da kumbon zuwa gindin katako, inda makunni da wutar za su zauna. Batir mai bolt 9 abin da ke cikinsa bai wuce miliyam 500 zuwa 600 na awa guda ba, don haka ƙwayaye 30 masu cin miliyam 10 kowanne ba za su cika awa biyu a kansa ba. Cajar waya mai bolt 5 da am ɗaya za ta ɗauki ninkin wannan sau uku, kuma babu gidan da babu ita. Fawa banki ma yana yi, sai dai da yawansu suna kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi kaɗan, suna ɗaukar cewa wayar ta cika, saboda haka ka gwada naka tukuna. Wutar gida kuwa ba ta shiga cikin samfuri ko ta halin ƙaƙa. Kafin ka shafa gam na ƙarshe, ka bar fitilun a kunne yini guda ko biyu, kana girgiza sassan a hankali lokaci-lokaci, domin liƙin dalmar da bai kama sosai ba a nan zai tona kansa, lokacin da gyara yake da sauƙi.

Tambaya: Ina so fitilun gefe su riƙa kamawa suna ɗaukewa. Dole ne sai na koyi rubuta manhajar kwamfuta? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam. Akwai ƙwayayen LED masu walƙiya da kansu, waɗanda aka dasa wa 'yar ƙaramar na'ura mai kunnawa da kashewa a ciki, sai dai ba ka da iko a kan saurinsu, kuma biyu da aka kunna tare ba sa jimawa suke rabuwa kowanne ya kama nasa lokaci. Wanda ke son su tafi tare sai ya nemi ƙaramar na'urar ƙidayar lokaci mai lamba 555, wadda ke kasuwa tun 1972, kuma rizista biyu da kafasita guda, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta, ke tsara mata tsawon kamawa da ɗaukewa. Allon Arduino Nano, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, mai tsawon milimita 45 da faɗin 18, ana bukatarsa ne idan ana son abubuwa da yawa a lokaci guda, kamar injin da ke ƙara haske sannu a hankali da fitila mai bugawa sau biyu ta huta. Kowace ƙafarsa kada a ɗora mata fiye da miliyam 20, kuma ya zauna a gindin katako inda za a iya sauya masa umarni. Wajen launi, ka bi ƙa'idar jiragen ruwa da na sama, wadda kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ma yake bi: ja a hagu, kore a dama. Hagu da daman na matuƙin da ke zaune a ciki yana fuskantar gaba ne, don haka ka juya hancin samfurin ya ba ka baya kafin ka yi alamar inda kowanne zai shiga.